Yadda ake dasa wardi mai jure cuta a ƙofar gida da bakin titi

Duk wanda ya taɓa sayen wardi a wurin masu sayar da furanni na bakin titi ya san yadda labarin ke ƙarewa. Ka gan shi cikin baƙar leda da fure guda ja wur, ka biya, ka kai gida ka dasa a bakin get. Wata biyu yana faranta maka rai. Ana shiga tsakiyar damina sai ganyen ƙasa ya fara baƙin ɗigo, ya yi rawaya, ya zube, kafin Satumba ta fita abin da ya rage maka sanduna uku ne masu ƙaya. Daga nan mutum ya yanke hukunci cewa wardi ba shukar ƙasarmu ba ce. Ni ban yarda ba. Sau uku na yi irin wannan asarar, kuma da na zauna na duba, duk ukun daga wuri biyu matsalar ta fito: irin da na saya, da kuma yadda na dasa shi nake ba shi ruwa.

Fara da iri, don shi ne rabin aikin

Wardin da ya fi ɗaukar ido shi ne mai babban fure guda ɗaya a kan dogon reshe, irin wanda ake nomawa a gefen tafkin Naivasha na Kenya da kuma Habasha ana lodawa a jirgi zuwa kasuwannin Turai. Wannan ɗan gata ne, a cikin rumfar leda yake girma, da ma'aikata da feshi a kai a kai. Ka ajiye shi a bakin kwalta cikin ƙura da hayaƙin mota, ka zalunce shi.

Na cikin gari wani dangi ne da ake kira floribunda, kalmar Latin ce mai nufin mai yawan fure. Maimakon fure ɗaya, kowane reshe tari yake fitarwa, biyar, goma, wani lokaci fiye, wasu na buɗewa wasu na jiran layi, shi ya sa ba ka cika samun shukar babu launi a kanta ba. Gidan Poulsen na ƙasar Denmak ne suka buɗe wannan hanya, inda suka haɗa ƙananan wardi masu tarin fure da manyan nan masu fure guda, kuma a 1924 Svend Poulsen ya fitar da 'Else Poulsen' da 'Kirsten Poulsen'. Abin da suke nema shuka ce mai taurin rai wadda za a jera da yawa a fili a bar ta, kuma wannan buƙatar ita ce tamu a yau.

A cikin wannan dangi, wanda nake ba da shawara a kansa shi ne 'La Sevillana'. Kamfanin Meilland na Faransa ne ya fitar da shi a 1978. Ja ne mai ratsin ruwan lemo, jan da rana ba ta saurin koɗar da shi, ganyensa kore shar mai duhu da sheƙi, tsayinsa yana kai mita ɗaya da ɗan wani abu. A kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya shi ake jerawa a shataletale da tsakiyar manyan tituna, wuraren da ba wanda ke da lokacin lallashin shuka, kuma bazararsu zafi ce da fari. A 1979 ya sami lambar ADR ta Jamus. Wannan gwaji tun 1950 ake yin sa, kuma a tsarinsa na yanzu ana dasa sabon wardi a lambuna goma sha ɗaya a sassan ƙasar, a zuba masa ido shekara uku ba tare da an fesa masa maganin funfuna ba. Wanda ya tsira da ganyensa shi ke samun lamba. Saboda haka idan ka ga haruffan ADR a takardar da ke rataye jikin shuka, ko da ba wannan irin ba ne, kamar 'Lions-Rose' ko 'Pomponella' na gidan Kordes, ka riƙe ta hannu bibbiyu.

Mai son fari kuma akwai 'Iceberg', wanda Reimer Kordes ya fitar a Jamus a 1958, kuma ya cika titunan Afirka ta Kudu da Ostireliya. Yana son busasshen zafi, ƙayarsa kaɗan ce, amma a wurin da laima ta yi yawa baƙin ɗigo yana kama shi fiye da 'La Sevillana'. Alherinsa shi ne yana zubar da ganye ya sake toho da sauri.

Gaskiya guda da ya kamata ka sani tun yanzu: 'La Sevillana' kusan ba shi da ƙamshi. Wardin da ake tatsar turare da ruwan wardi daga jikinsa, irin na Ɗa'if da alhazai ke tsaraba da shi, wani dangi ne daban. Wannan na ido ne.

To idan mai sayarwa bai san suna ba fa? Yawancinsu da launi suke sayarwa, ja, fari, ruwan hoda. Dabarar da na koya ita ce in je wurinsu a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa kuma cuta ta fi ƙarfi, in durƙusa in duba ganyen ƙasa. Za ka ga layi biyu a jere, ruwa ɗaya suke sha, ɗaya ya tuɓe tsirara daga gwiwa zuwa ƙasa, ɗaya kuma ganyensa na nan har gindi. Damina ta riga ta yi maka gwajin. Zaɓi mai ganye har ƙasa, mai tarin fure a reshe ɗaya, mai rassa uku ko fiye masu kaurin fensir. Ɗaga ledar ka leƙa ƙasanta: fararen jijiyoyi alama ce mai kyau, baƙaƙe masu wari a bar su. Sannan ka tambaya ko mai aure ne, wato an haɗa reshensa da gindin wani wardi daban, ko kuwa daga yankakken reshe aka raine shi, don wannan zai yi maka amfani wajen dasawa.

Wuri

Wardi yana buƙatar rana ta aƙalla awa shida, kuma ranar safe ta fi kowace daraja, don ita ke busar da raɓa daga ganye. A Jos, inda tudu ya kai kusan mita 1,200 kuma iska na da sanyi, sake shi a fili rana ta doke shi wuni guda. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40 har ya wuce, nemi gefen gabas na katanga ko na gini, ya sha hantsi ya sami inuwa daga azahar zuwa la'asar. Jikin katangar da ke kallon yamma murhu ne, siminti yana haɗiye zafi ya amayar da shi kan ganye har bayan magariba.

Kada ka matse shi jikin bango. Bar tazarar santimita 60 aƙalla tsakaninsa da katanga, haka ma tsakaninsa da bakin titi ko hanyar da mutane ke bi, saboda ƙaya ba ta san rigar sallah ba, kuma yara na wucewa. Nisanci ƙarƙashin darbejiya da mangwaro, jijiyarsu za ta shanye ruwan da takin. Idan filin na hukuma ne, kamar tsakiyar titi ko shataletale, a nemi izini kafin a sa diga, kuma a tuna cewa shuka mai tsayin mita ɗaya a kan kwana tana iya tare wa direba gani.

Sai awaki. Ƙaya ba ta hana akuya cin tohon wardi, daɗinsa ma take ji. In unguwarku ana sakin dabbobi, sayi ragar waya kafin ka sayi shukar.

Ƙasa, inda aka fi yin asara

Ƙasar cikin gari ba ƙasar gona ba ce. Taƙi ɗaya za ka haƙa ka fara cin karo da fasasshen bulo, ɓarɓashin siminti, leda, gwangwani, duk abin da magina suka binne ranar da suka gama aiki. Asarata ta biyu daga nan ta zo. Na dasa guda shida a gaban sabon gida, na zuba taki, na ba da ruwa, amma sababbin ganye suka riƙa fitowa rawaya fes, jijiyoyin cikin ganyen kawai ke kore kamar an zana su da biro. Da na tone ɗaya sai na tarar saiwarsa na kwance kan ragowar kwaɓin siminti. Siminti yana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, wardi kuwa mai ɗan tsami-tsami yake so, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH. Idan ta wuce haka sosai, sinadarin ƙarfe na nan cikin ƙasa amma shukar ba ta iya shan sa. Saboda wannan dalilin ne ma ba na son a riƙa zuba toka da yawa a gindin wardi.

Ga yadda za ka yi. Haƙa rami faɗin santimita 50, zurfin 50. Idan layi za ka yi, haƙa dogon rami guda ya fi ƙananan ramuka, don jijiya ta sami wurin yawo. Ware ƙasar sama gefe guda, ka tsince duk wani tarkace. In ka iske marmara a ƙasa, fasa ta da diga. Daga nan cika ramin da ruwa da yamma ka tafi. Da safe in ya tsotse, madalla. In ruwa na nan kwance, wurin ba ya tsanewa, kuma wardi ba ya yafe wa jiƙaƙƙiyar ƙafa: sai ka ɗaga kwamin sama da santimita 25 zuwa 30, ka kewaye da bulo ko dutse.

Haɗin da za ka mayar: kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Idan laka ce mai danƙo, ƙara yashin rafi da ɓuntun shinkafa. Idan jigawa ce, ƙara takin. Kalmar ruɓaɓɓe nake so ka riƙe. Kashin shanu ko na tumaki da ya kwana wata uku zuwa huɗu a tare ana jiƙa shi ana juyawa, ya yi baƙi, ya yi laushi, ba zafi ba wari. Ɗanyen taki yana ƙona jijiya, kuma busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba gayyatar gara ne kai tsaye. Kashin kaji ya fi kowane zafi, a rage hannu. In a wurin an taɓa dasa wardi ya daɗe, canza ƙasar gaba ɗaya, sabon wardi ba ya jin daɗin gurbin tsoho. Bar haɗin ya kwana mako guda ko biyu kana yayyafa masa ruwa.

Ranar dashe

In kana da tabbacin ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi kowane lokaci. Cutar damina ta wuce, sanyi na shigowa, shukar na da wata huɗu ta kafa jijiya kafin bazara. In ruwan sama za ka dogara da shi, to Yuni, bayan damina ta zauna. Maris da Afrilu kada ma ka fara.

Shayar da shukar a cikin ledarta tun safe, ka yi dashen da la'asar sakaliya. Tsaga ledar da reza daga gefe, kada ka ja shukar ta wuya. In jijiyoyi sun nannaɗe kamar gammo, warware su a hankali da yatsa. Wanda aka raina daga yanka, dasa shi daidai zurfin da yake a leda. Mai aure kuma za ka ga ƙulli a gindinsa inda aka haɗa, a ƙasa mai zafi irin tamu a bar ƙullin daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara. Mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, yi masa ɗan kwano kewaye da gindi, ka zuba bokiti guda a hankali.

A Turai ana matsa su kusa da juna don su rufe ƙasa da wuri. Ni a nan santimita 70 zuwa 80 nake bari tsakani, in layi biyu ne kuma in saɓa su kamar duwatsun murhu. Wata shidan farko zai yi maka kamar ka yi rowa, amma a Agusta iskar da ke ratsa tsakaninsu ita ce maganin da ba ka saya ba.

Akwai abu ɗaya mai ciwo da za ka yi a ranar: cire furen da ya sa ka saye shi, da duk wanda ke shirin buɗewa. Ƙarfin ya koma jijiya. Sannan ka lulluɓe ƙasar da bawon gyaɗa, ɓuntu ko busasshen ganyen darbejiya, kaurin yatsa uku, amma ka bar faɗin tafin hannu babu komai kewaye da gindin saboda gara.

Ban ruwa

Nan ne wardi mai jure cuta ke komawa mara jurewa. Baƙin ɗigon nan funfuna ce, kuma ƙwayarta ba ta iya shiga ganye sai ganyen ya kai wajen awa bakwai a jiƙe. Yanzu ka duba abin da ake yi a gidaje da ofisoshi: mai gadi ya ɗauki tiyo bayan magariba, ya sa babban yatsa a baki, ya wanke shuka daga sama har ƙasa, ta kwana a jiƙe. Da kyakkyawar niyya yake yi, amma kullum shimfiɗa yake yi wa cuta. Ka zauna da shi ka nuna masa: ruwa a gindi, da safe, a hankali.

Makonni biyun farko a ba da kullum. Bayan haka a lokacin sanyi bokitin lita 10 ga kowace shuka sau biyu a mako ya isa. A bazara kwana bibbiyu, a jigawa ma kullum. Sha ɗaya mai zurfi ya fi yayyafi goma, don yayyafi yana jawo jijiya sama inda rana za ta gasa ta. In kana shakka, cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Ruwan wanki mai omo da ruwan kwata kada su kusanci wurin. Ruwan alwala kuwa ba shi da laifi ko kaɗan, kuma na ga masallacin da aka karkata magudanar alwalarsa zuwa layin furanni, ko a Afrilu suna nan kore.

A hunturu akwai togiya guda. Ƙura tana lulluɓe ganye, kuma cikin wannan bushewar ne wani ɗan mitsitsin jan gizo-gizo ke yaɗuwa a bayan ganye. Sau ɗaya a mako, da hantsi, wanke ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, musamman ta ƙasa. Kafin azahar ya bushe, ba abin da funfuna za ta samu.

Taki da sa ido

Kada ka sa takin zamani sai bayan mako shida, lokacin da ka ga jan toho ya fito. Daga nan cikin kwalin ashana ɗaya zuwa biyu na NPK 15-15-15 ga kowace shuka, duk bayan mako shida zuwa takwas, a barbaɗa nesa da gindi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a bi da ruwa. A tsananin bazara a dakata. Yuriya zalla tana ba da ganye mai taushi wanda darɓa ke so, ba na amfani da ita. Sau biyu a shekara ƙara ruɓaɓɓen taki shebur guda a sama.

Sau ɗaya a mako ka zagaya. Baƙin ɗigo yana farawa daga ƙasa, gefensa ba a yanke yake ba, kamar tawada ta baje a takarda, sai rawaya ta kewaye shi. Tsinke ganyen, tsince waɗanda suka zube, ka ƙona ko ka kai bola, kada su shiga ramin taki. Iri mai jurewa zai yi 'yan ɗigo ya ci gaba da harkarsa, kada ɗigo biyu su sa ka ruga shagon magani. Farar hoda a kan toho kamar an barbaɗa gari wata funfunar ce, tana son dare mai sanyi da rana mai ɗumi, yanke wurin da ta kama. In ganye ya yi fari-fari kamar an tsattsaga shi da allura, riƙe farar takarda a ƙasa ka kaɗa reshen, in ka ga ɗige-ɗige na motsi, gizo-gizon nan ne.

Ga darɓa da sauran ƙananan ƙwari, darbejiya ta wadatar. Daka ƙwayar 'ya'yanta, giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, jiƙa ta kwana, tace da tsumma, sa ɗan sabulu kaɗan, ka fesa da yamma lokacin da ƙudan zuma suka koma. Furen 'La Sevillana' a buɗe yake, tsakiyarsa rawaya, zuma na zuwa masa sosai, shi ya sa ba na son maganin ƙwari mai ƙarfi a kansa. In ka ga gara ta yi gini a jikin kara, kankare shi nan take, janye abin da ka lulluɓe ƙasa da shi, ka jiƙa gindin da ruwan darbejiyar.

Mai wardi mai aure ya lura da reshen da ke fitowa daga ƙasan ƙulli, mai saurin tsayi da ganye daban. Na uwar gindi ne, in ka bar shi zai kashe na sama. Tone har inda ya fito ka fizge shi.

Aski

A Turai sanyi ne ke sa wardi barci, a aske shi kafin ya farka. A nan ba ya barci, kai ne za ka ba shi hutu da almakashi. Shekarar farko kada ka yi masa babban aski, cire busasshe kawai da tarin furen da ya gama, kana yankewa a saman ganye na farko mai ƙananan ganyaye biyar a jikinsa.

Daga shekara ta biyu, babban aski a Oktoba, da ɗaukewar ruwa. Wasa almakashin, goge shi da sifirit, sa safar hannu mai kauri. Fara da matattun rassa, sai waɗanda ke gogar juna, sai duk wanda bai kai kaurin fensir ba. Bar huɗu ko biyar masu ƙarfi, ka rage su zuwa tsayin gwiwa, santimita 40 zuwa 50. Kowane yanka a yi shi a karkace, ɗan sama da ido, wato wurin da toho ke fitowa, wanda ke kallon waje, don sabon reshe ya fita waje tsakiyar ta zauna a buɗe kamar ƙwarya. Share ganyen da ke ƙasa tas, sa taki, ba da ruwa. Bayan mako shida zuwa takwas, cikin sanyin Disamba, za ka ga furen da ya fi na duk shekara yawa da launi. A ƙarshen Mayu kuma ɗan rage masa kai da cunkoson ciki kafin ruwa ya sauka. Mai dogon layi a bakin titi ba sai ya bi reshe-reshe ba, wannan irin yana jure a daidaita shi da babban almakashin shinge, sai dai a bi baya a cire matattun.

Rassan da ka aske kada ka zubar da su duka. Zaɓi masu kaurin fensir waɗanda suka riga suka yi fure, yanka su tsawon santimita 15 zuwa 20, kowane da ido uku ko huɗu. Cire ganyen ƙasa ka bar biyu a sama, ka soke rabin tsawonsa cikin leda mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Yanke gindin babbar robar ruwa ka kifa a kai, ajiye a inuwa mai haske, ƙasar ta zauna da danshi ba caɓi ba. Yi goma ko fiye, don ba duka za su kama ba. Ganyen da ya fito a mako na biyu kada ya ruɗe ka, ragowar ƙarfin reshen ne. Jira mako shida zuwa takwas, ka ɗan ja shi da yatsa biyu. In ka ji ya riƙe ƙasa, buɗe murfin robar na kwana uku, sannan ka cire ta gaba ɗaya, ka fara fito da shi hantsi kaɗan-kaɗan har zuwa Yuni, lokacin da zai koma nasa ramin.